Ledar Samaru da Tanderun Ashaka

Duk wanda ya ce kada a ƙona shara a masana'antar siminti domin kare lafiyar al'umma, ina so ya fara gaya mini inda yake zaton sharar Zariya take ƙarewa a yau. Ƙona ta ake yi, ba tare da izinin kowa ba. A bayan gidajen Samaru ake cinna mata wuta da magariba, a gefen kasuwar Sabon Gari take taruwa tsibi-tsibi, abin da wuta ta rage kuma ruwan damina ya kwashe shi ya toshe kwalbati, ya gangara Kubanni. Wutar bola ba ta da zafin da zai cinye leda, sai dai ta narkar da ita ta turnuƙe unguwa da hayaƙi mai guba, yara su shaƙa. Tambayar da ta rage ita ce a ina za a ƙona ta, kuma a gaban idon wa.

Tanderun siminti sai ya gasa dutsen farar ƙasa da zafin digiri 1,450 kafin a sami abin niƙawa. A irin wannan zafi leda da tsohuwar taya ƙonewa suke yi ƙurmus, tokarsu ta shige cikin simintin, har wayar da ke cikin taya ta zama ƙarfen da haɗin yake buƙata. A Jamus, fiye da kashi biyu cikin uku na makamashin wannan masana'anta daga shara yake fitowa. Mu kuwa, masana'antar Ashaka a jihar Gombe kwal ɗin Maiganga take ƙonawa, wanda sai da aka tayar da mutanen ƙauyen kafin a haƙa shi. Muna fasa ƙasa neman abin hura wuta, ga shi kuma a ƙofar gidajenmu yana wari.

Ba zan yarda kamfanoni su yi ado da wannan batu fiye da kima ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na iskar kabon da siminti ke fitarwa daga dutsen kansa take tashi idan an gasa shi, kuma sauya makamashi ba ya taɓa wannan kaso ko kaɗan.

Abin da ya fi damu na shi ne wace irin shara za su saya. A Ewekoro ta jihar Ogun, kamfanin Lafarge yana ƙona ɓawon kwakwar manja, wannan kuwa daidai ne a ƙasar da ɓawon ya yi yawa. Idan aka kwafo wannan tsari zuwa Arewa ido rufe, gona za a fara kallo. Buntun shinkafa da ke jibge a bakin injina, a kwashe, Allah raka taki gona. Amma karan dawa a wurinmu danga ne, makamashin girki ne, abincin shanu ne da rani. Tokar murhu da ruɓaɓɓiyar shara kuma taki ne da manoma ke ɗauka a amalanke tun kafin a san takin zamani. Ranar da mai tirela ya shiga gasar sayen kara da matar ƙauye, kowa ya san wanda zai koma gida hannu rabbana.

Leda ce ba ta da mai so. Baban bola yana tsince ƙarfe da gorar roba domin suna da farashi, ya tsallake ledar fiya wata domin da wuya ya sami mai saye. A sa mata kuɗi a kan kilo, a ga ko za ta kwana a kwata. Tirelolin da ke sauke siminti a Sabon Gari dole ne su koma inda suka fito. Su koma da daurin leda da tayoyi.

Sharaɗi biyu ne ba zan sassauta a kansu ba. A ware robar bututun ruwa mai sinadarin kulorin, sannan hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta riƙa auna hayaƙin kowane tanderu tana bayyana sakamakon ga jama'ar da ke zaune kusa. Kada kuma a buɗe ƙofar shigo da sharar ƙetare da sunan makamashi. A 1988 an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, kuma a lokacin ma da takardun kaya na halal suka shigo.