Shekarar farko a makarantar hafsoshi: biyayya ga wa?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana. Babu inda aka riƙi wannan karin magana da gaske kamar makarantun horon hafsoshin soja, inda shekarar farko kaɗai ta isa ta canza ma saurayi tafiya da murya da tunani. Saboda haka ɗan kasuwa mai biyan kuɗin duwan da ma'aikaci da ake yanka ma haraji a albashi suna da hakkin sanin abin da ake cusa ma sabon ɗalibi a wannan shekara, tunda aljihunsu ke ciyar da shi, kuma bindigar da za a danƙa masa gobe a gabansu za ta tsaya.

A ɗauki misalin Saint-Cyr, babbar makarantar hafsoshin sojan ƙasa ta Faransa, wadda Napoleon ya kafa a 1802, take kuma zaune a Coëtquidan, yankin Bretagne, tun 1945. Karatunta shekara uku ne, kuma ta daɗe tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka. Sabon shiga ana aske masa kai, a raba shi da tufafin gida, a tashe shi kafin asuba. Gudu da kaya a baya, kwana a daji cikin sanyi, goge takalmi, gyaran gado, hardace tarihin makaranta, duk suna bisa wuyansa. Ƴan aji na biyu ne ke miƙa masa al'adun gidan, su ne kuma ke sa masa ido dare da rana. Sai ƙarshen shekara, a wani biki na dare, ajin ke samun suna, a umurci ɗalibai su durƙusa suna mutane, su miƙe suna hafsoshi.

Wannan wahala tana da dalilinta. Wanda zai ja mutum talatin zuwa bakin wuta dole ya san yunwa da gajiya da tsoro a jikinsa, ya kuma saba aiwatar da umurni ba tare da gardama ba. Rundunar da kowa ke ja-in-ja a cikinta taron kasuwa ce.

Amma horo yana da iyaka, kuma Saint-Cyr ta taɓa ƙetare ta. A watan Oktoba na 2012, ƴan aji na biyu suka sa sababbin ɗalibai ƙetare wani tabki cikin dare da ruwan sanyi, da sunan al'ada. Ɗalibi guda ya nutse, ya rasu. Wannan ya faru ne duk da dokar 1998 da ta haramta wulaƙanta sababbin ɗalibai a makarantun Faransa. A 2021 kotun Rennes ta sami mutum uku da laifin sakaci. Samarin da suka shiga ruwan a wannan dare ba su rasa hankali ba. An dai koya musu cewa maganar na gaba ba ta da tambaya, shi ya sa suka faɗa.

Nan ne gizo ke saƙar. Yaron da ya koyi cewa doka ita ce bakin wanda ya girme shi da tauraro ɗaya, ranar da taurari suka taru a kafaɗarsa zai ɗauki bakinsa doka. Faransa kanta ta ɗanɗana. A watan Afirilu na 1961 janar huɗu suka yi ma Shugaba De Gaulle tawaye a birnin Alje, cikinsu har da Salan da Challe, tsofaffin ɗaliban Saint-Cyr. Tawayen ya watse cikin kwana huɗu, don ƙananan sojoji masu bautar ƙasa sun ji jawabin shugaban a rediyo, suka ƙi bin manyansu. Bayan shekara biyar, a 1966, aka sake dokar ladabtar da soja, aka ɗora ma na ƙasa alhakin ƙin umurnin da ya saɓa doka a fili.

Darasin ya shafi Nijar kai tsaye, ganin rundunarta bisa tsarin Faransa aka gina ta, kuma hafsoshinta na farko, irin su Seyni Kountché da ya yi karatu a Fréjus, a hannun Faransawa suka horu. Sau biyar soja suka karɓi mulki a Yamai: 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Kowane juyi ya zo da hujjojinsa, kuma ƴan siyasa ba su wanke daga laifi ba, domin sau da yawa su ne suka rura wutar da rigingimunsu. Sai dai ko wane ne ke riƙe da fadar shugaban ƙasa, hafsan da ke gadin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ko ta Tawa zuwa Agadas a aji aka fara siffanta shi.

Abin da ya kamata makarantun hafsoshi su riƙa bai wuce uku ba. Na farko, a koya ma sabon ɗalibi dokokin ƙasa da hakkin farar hula tare da kwance bindiga da ɗaura ta, a kuma yi masa jarrabawa a kai. Na biyu, horon sababbi ya zama a hannun malamai masu amsa tambaya gaban doka, kada a sakar ma ƴan aji na biyu ragama su rama abin da aka yi musu bara. Na uku, shiga makaranta ta zama ta jarrabawa tsantsa, ɗan manomin Mirriya da ɗan kanar su zauna benci ɗaya, maki ya raba su.

Ƙasar da ke fama da ƴan bindiga a iyakokinta tana bukatar hafsoshi masu juriya da biyayya. Abin da ya rage ma masu tsara karatun shekarar farko shi ne su bayyana ma ɗalibi, tun ranar da aka aske masa kai, cewa biyayyarsa ga na gaba tana ƙarewa daidai inda doka ta ja layi.