Awara ba ta da laifi, kwalbar "gyaran mama" ce abar tuhuma

Saƙonni iri biyu ne ke yawo a wayoyin mata kan sankarar mama, kuma kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa. Na farko yana cewa waken soya na ɗauke da "sinadarin mata" mai haddasa cutar, saboda haka a guji awara da madarar soya. Na biyun, wanda yawanci 'yar talla ce ke turo shi haɗe da lambar asusun banki, cewa yake garin hulba ko wani haɗin saiwoyi zai cika mama ya tsayar da shi, har ma ya narkar da duk kullutun da ke ciki, tun da dai daga itace aka samo shi.

Duka biyun a kan gaskiya guda suka jingina. Akwai tsirrai masu ɗauke da sinadaran da ke kwaikwayon estrojin, wato sinadarin da jikin mace ke samarwa domin tafiyar da al'ada, girman mama da ɗaukar ciki. Sai dai kowanne saƙo ya juya gaskiyar ta inda ya ga dama. Binciken da aka tara cikin kusan shekara tamanin ya wanke abincin da ake tsoro, ya kuma bar babbar ayar tambaya a kan kwalbar da aka amince wa.

Daga tumaki labarin ya fara. A shekarun 1940, makiyaya a yammacin Ostireliya suka ga tumakinsu sun daina haihuwa, alhali ga kiwo wadatacce. A 1946 masana suka bayyana cewa matsalar na cikin wata ciyawa mai suna kuloba da aka shuka domin kiwo. Daga baya aka gane cewa ciyawar na da sinadarin da tumbin tunkiya ke mayarwa wani abu mai aiki irin na estrojin, kuma yawansa ne ya rikita mahaifar dabbobin. Tun daga lokacin babu masanin da ke musun cewa ganye na iya taɓa tsarin haihuwa. Irin waɗannan sinadarai suna cikin waken soya da yawa, inda aka fi sanin ɗaya mai suna jenistin, akwai kuma wani dangin nasu a cikin riɗi.

Me ya haɗa wannan da sankara? A 1896 wani likitan tiyata a birnin Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwanta, sai ƙarin ya ja da baya. Bai san sunan sinadarin da ya katse ba, amma ya nuna cewa wani abu daga ma'ajiyar ƙwai ne ke ciyar da cutar. Sai a ƙarshen shekarun 1950 Elwood Jensen na Jami'ar Chicago ya gano makarɓar estrojin a cikin ƙwayoyin halitta. Ana iya kwatanta ta da kwado, estrojin kuma mabuɗinsa: idan ya shiga ya murɗa, ƙwayar halitta ta samu umarnin ta rabu ta hayayyafa. A ƙasashen Turai da Amurka, kimanin kashi 70 cikin 100 na sankarar mama na da irin wannan kwado. Shi ya sa ake ba masu ita maganin tamoksifen, wanda ke shiga kwadon ya toshe shi, ya hana estrojin samun wuri. Ana shan sa kullum na tsawon shekara biyar zuwa goma.

To idan jenistin ma mabuɗi ne da ke shiga wannan kwado, ashe ba zai hura wutar cutar ba? Tsoron yana da tushe. A ƙarshen shekarun 1990, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka ƙarƙashin William Helferich suka dasa ƙwayoyin sankarar mama ta ɗan'adam a jikin ɓerayen da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai, waɗanda kuma ba su da cikakkiyar garkuwar jiki. Da aka ciyar da su jenistin, ƙarin ya girma. A 2002 suka nuna cewa a irin waɗannan ɓeraye jenistin na iya rage aikin tamoksifen. Likitoci da dama suka fara hana majinyatansu cin waken soya, kuma ba za a zarge su ba, domin abin da ke hannunsu ke nan a lokacin. Saƙon da ke yawo a WhatsApp yau jikan wannan gwaji ne, ya tsaya a inda ilimi yake shekara ashirin da suka wuce.

Da aka koma kan mata su kansu, sai labari ya sauya. A 2009 mujallar likitocin Amurka ta JAMA ta buga binciken da Xiao-Ou Shu da abokan aikinta suka yi a birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda aka bibiyi mata 5,042 da suka kamu da sankarar mama. Cikin shekara huɗu, kashi 10.3 cikin 100 na rukunin da ya fi ƙarancin cin abincin soya sun rasu, a rukunin da ya fi ci kuwa kashi 7.4 ne. Dawowar cutar ma haka: kashi 11.2 a rukunin farko, kashi 8 a na biyu. An ga wannan bambanci ga masu sankara mai kwadon estrojin da marasa shi, ga masu shan tamoksifen da waɗanda ba sa sha. A 2012 aka haɗa bayanan mata 9,514 daga Sin da Amurka, aka sake ganin cutar ba ta cika dawo wa masu cin soya ba kamar yadda take dawo wa marasa ci. A wannan shekarar Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ce abincin soya ba shi da haɗari ga matan da suka yi fama da cutar.

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan, kada murna ta wuce gona da iri. Irin wannan bincike na bibiya ne: ana lura da abin da mutane ke ci da kansu, a kuma ga abin da ya biyo baya. Mai yawan cin waken soya wataƙila ta fi motsa jiki ko cin ganye. Hujjar ta isa a ce awara ba ta cutarwa. Ba ta kai a ce awara magani ce ba, kuma duk wanda ya faɗi haka ya zarce abin da masu binciken suka faɗa.

Dalilan da suka sa mace ta bambanta da ɓera ba ɓoyayyu ba ne. Hantar ɗan'adam tana saurin ɗaure jenistin ta rage masa kaifi, ta yadda kaɗan ne ke yawo a jini a sake, saɓanin ɓera. Sannan a 1996 masana a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gano cewa kwadon estrojin iri biyu ne. Na farko shi ne ya fi tura ƙwayoyin mama su hayayyafa, na biyu kuma a gwaje-gwaje da dama yakan ja musu linzami, kuma jenistin ya fi son na biyun. Ga shi kuma mabuɗi ne mai rauni ƙwarai idan aka gwada shi da estrojin na jiki. Har ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanjin mutum suna da ta cewa, domin su ne ke sarrafa wani ɓangare na sinadaran soya, kuma ba kowane hanji ke yin wannan aiki ba.

Don haka mai soya awara a bakin titi a Kano ko Zariya ba guba take sayarwa ba. Ga iyalin da nama ya fi ƙarfin aljihunsa, awara ce hanya mafi arha ta samun abinci mai gina jiki, kuma raba mace mai jinya da ita saboda gwajin ɓera ƙara mata wahala ne a kan wahala. In akwai abin lura a tattare da awara, man da ake soya ta a ciki ne. Bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne ke zama babbar masana'antar estrojin, shi ya sa ƙiba a wannan shekaru ke ƙara haɗarin sankarar mama.

Kwalba kuwa wani abu ne dabam. Abin da aka tatso, aka tace, aka ninka ƙarfinsa aka zuba a ƙwaya ko gari ya tashi daga abinci. A 2014 asibitin sankara na Memorial Sloan Kettering da ke New York ya ba da sakamakon gwaji kan mata 140 masu jiran tiyata, inda aka bai wa rabi garin soya da aka tace, rabi kuma garin da ba shi da soya. A wasu daga cikin waɗanda suka sha na soyan an ga ƙwayoyin gado masu alaƙa da hayayyafar ƙari sun ƙara motsi. Gwajin gajere ne, bai nuna cutar ta tsananta ba, amma ya isa ya sa likitoci su raba kwanon abinci da kwalbar ƙwaya. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ma, da ta duba ƙwayoyin da ake haɗawa daga soya a 2015, ba ta ga illa ga matan da suka daina al'ada masu ƙoshin lafiya ba, amma hukuncin nata bai haɗa da masu tarihin sankarar mama ba.

Wannan fa a kan kayan da aka san abin da ke cikinsu da kuma yawansa ke nan. A ƙasar Tailan akwai wata saiwa da ake kira kwao krua, mai ɗauke da sinadarin da ya fi na soya ƙarfi nesa ba kusa ba, ana kuma sayar da ita a duniya da sunan ƙara girman mama. A 2017 hukumomin Japan suka gargaɗi jama'a a kanta bayan koke-koken mata, galibi 'yan mata, kan rikicewar al'ada da zubar jini. Hulba, wadda ta fi kowane abu suna a kasuwar gyaran jiki ta Arewa, ita ma an gwada ta: wani binciken ɗakin gwaji a Indiya a 2010 ya nuna abin da aka tatso daga 'ya'yanta ya sa ƙwayoyin sankarar mama masu kwadon estrojin sun hayayyafa, wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna akasin haka. Duk a cikin kwanon gwaji ne. Wannan ba dalili ba ne na tsoron ɗan shayin hulba. Amma mai talla ba za ta ci tudu biyu ba. In haɗin nata yana da ƙarfin kumbura mama kamar yadda take rantsuwa, to yana taɓa tsarin da sankara ke ci daga gare shi, kuma macen da ke da kullutun da ba a duba ba tana caca da ranta. In kuwa ba shi da wannan ƙarfi, an karɓi kuɗin mutane a banza.

Lambar NAFDAC da ake nunawa a bidiyo ma ana yi mata mummunar fahimta. Rajistar wucin gadi da hukumar ke bai wa magungunan gargajiya tana nufin an duba ba su da guba a gwajin da aka yi. Ba ta tabbatar da cewa suna warkar da abin da aka ce ba, shi ya sa ake buƙatar a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Da yawan haɗin da ake aunawa a leda ma ko wannan matakin ba su kai ba.

Abin da ke cikin haɗari a nan rayuka ne. Ƙididdigar Hukumar Binciken Sankara ta Duniya ta 2022 ta nuna mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wani bincike da aka buga a 2020 kan ƙasashen Afirka biyar ya gano cewa a cibiyoyin Najeriya da aka bibiya, kashi 36 cikin 100 na majinyata ne kawai ke raye bayan shekara uku, mafi ƙaranci a cikin ƙasashen. Zuwa asibiti a makare na cikin manyan dalilai, kuma watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe na cikin abin da ke jawo makarar. Ko a Amurka, masu bincike na Jami'ar Yale sun gano a 2018 cewa masu sankarar mama da suka dogara ga maganin da ba na asibiti ba shi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran fiye da sau biyar.

Babu raini ga itatuwa a wannan magana. Ɗaya daga cikin manyan alluran sankarar mama a yau, faklitaksel, daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka aka fara samo shi, amma sai da ya shafe kusan shekara talatin tsakanin daji da gadon asibiti, ana auna nawa ke warkarwa, nawa ke kisa. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta taɓa bin irin wannan hanya har ta fitar da Niprisan domin masu sikila. Babu abin da zai hana ita da sassan harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya, Kano da Sakkwato su sayo haɗe-haɗen gyaran mama da suka fi kasuwa, su auna ƙarfin estrojin da ke cikinsu, su faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa. NAFDAC kuma ta bi tallan zuwa inda yake yanzu, wato TikTok da Instagram, ta fara da masu cewa suna narkar da ƙari.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan gwamnatocin jihohi. Duk wannan bayani na kwado da mabuɗi ba ya amfanar majinyaciya sai an gwada tsokar da aka ciro daga jikinta an san ko sankararta na da kwadon estrojin. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta ya nuna cewa a Afirka ta Yamma nau'in da ba shi da kwadon ya fi yawa idan aka gwada da Turai, kuma ga mai irin wannan nau'i tamoksifen ba ya aiki. Gwajin ba a kowane asibiti ake yin sa ba, inda ake yi kuma kuɗinsa na kan majinyaciya. Sanya shi cikin abin da tsarin taimakekeniyar lafiya na jihohi ke biya zai sa likita ya san wadda zai rubuta wa tamoksifen da wadda zai tura kai tsaye wajen allura.