Zancen Wata: Majami'ar da Aiki Ya Kawo

A wannan wata zancenmu na gini ne. Kusan kowace ekklesiya a ƙasar nan tana da kwamitin gini da akwatin baiko na musamman, gardama kuwa ba ta ƙarewa a kan faɗin ɗaki da tsawon hasumiya. Kafin a sayi buhun siminti na gaba, bari mu dubi majami'ar 'yan'uwanmu 'yan Katolika ta Our Lady of Fatima a Gusau, mu ga yadda ta samu.

Gusau ba ƙauyen haƙar ma'adinai ba ne, ko da yake ƙasar Zamfara tana da zinariya. Amma majami'arta ta tashi kamar yadda na ƙauyukan kuza na wajen Bukuru suka tashi, wato aiki ya kawo mutane, mutanen kuma suka zo da bangaskiyarsu. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙaura Namoda a 1929. A bayanta sai ga ma'aikatan reluwe, da akawuna, da masu sayen gyaɗa da auduga, yawancinsu daga Kudu. Su ne masu bi na fari.

A 1953 Roma ta yanke yankin Sakkwato, ta danƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka. Shugabansu, Edward Lawton, a Gusau ya zauna. A 1956 sistoci suka iso daga Great Bend ta jihar Kansas, suka kama aikin jinya da karɓar haihuwa. A 1964 yankin ya zama dayosis, Lawton ya zama bishof na fari. Mai duban benci ran Lahadi a lokacin zai ce aiki ya kafu.

Ashe da saura. Rikicin 1966 ya zo, Inyamurai suka kwashe iyalansu suka koma gida, su ne kuwa mafi yawan jama'ar. Bishof Lawton ya rasu a watan Disamba na shekarar nan. Michael Dempsey, wanda ya gaje shi a 1967, ya tarar da ɗakunan sujada da yawa, masu sujada kaɗan. Daga nan ne aka mai da hankali sosai ga Maguzawa, manoma 'yan ƙasa na wajen Malumfashi, waɗanda ba jirgi ne ya kawo su ba, ba kuwa jirgin da zai kwashe su. Amfanin ya daɗe kafin ya nuna, amma ya nuna: a 2023 aka yanke dayosis na Katsina daga na Sakkwato, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishof. Gusau ma ta sāke cika bayan yaƙin basasa, sistocin Dominikan 'yan Nijeriya kuma har yau sunan Gusau ƙungiyarsu take amsawa.

To, ina ruwan wannan da gini? Ruwansa shi ne, mai gini ya san wa yake gina wa, ko mai wucewa ko mai zama. Bari in kai ku ƙauyen masu haƙa na ainihi, can a Turai, don ku ga abin da nake nufi.

A gefen birnin Katowice na ƙasar Poland akwai unguwar Nikiszowiec. Kamfanin kwal ne ya fara gina ta a 1908, lokacin wurin yana hannun Jamus, domin masu shiga rami da iyalansu. Magina biyu 'yan dangi ɗaya, Emil da Georg Zillmann, su suka zana gidajen, su kuma suka zana majami'ar Santa Anna. An fara ta a 1914, yaƙin duniya na fari ya tsai da aikin, ba a keɓe ta ba sai 1927. Kafin nan ƙasar ma ta sāke hannu, ta koma Poland a 1922.

Abin da ya burge ni ba girmanta ba ne, ko da yake tana da ƙubba da hasumiya da tagogi masu gilashi mai launi. Jan bulo da aka gina ɗakin lebura, irinsa aka gina ɗakin Allah. Ba a kai ta bayan gari ba, tana bakin dandalin unguwa, kusa da kantuna da makaranta, inda mace za ta fito sayen burodi ta leƙa ta yi addu'a domin mijinta da ke ƙarƙashin ƙasa. Kowace 4 ga Disamba, ranar Santa Barbara, masu haƙa sukan sa kayan ado, 'yan badujala suna gaba, su zo sujada. A 2018 ramin kwal ɗin ya daina aiki. Majami'ar tana nan, ana sujada a cikinta, gama mutanen sun haifi 'ya'ya da jikoki a wurin, sun zama 'yan gari.

Mu fa? Sau da yawa mukan ɗauko zanen da ya dace da Anacha mai ruwan sama, mu dasa shi a ƙasar da ranar Afrilu take narkar da kwalta. Bango siriri, kwano a ƙasa-ƙasa ba rufin ciki, tagogi ƙanana. Kafin a kai rabin wa'azi tsofaffi sun jiƙe da gumi, mata masu goyo sun fice gindin darbejiya, in ma an bar darbejiyar ba a sare ta don wurin ajiye motoci ba. Ban ce a raina kwano ba, shi ne abin da aljihunmu ya iya. Amma ɗaga rufi, da buɗe tagogi suna duban juna don iska ta ratsa, da barin baranda, ba su kai kuɗin hasumiya ba.

Wanda yake shakka ko ginin ƙasarmu ya isa ɗakin sujada, ya je Wusasa kusa da Zariya. Majami'ar Saint Bartholomew ta Angilikan tana can tun wajen 1929, maginan Hausa suka ɗora ta da ƙasa, da kaurin bango, da bakan gizo irin na soron sarki. In za ku aiki kwamitinku su gani, ku aike su da bazara, su shiga da tsakar rana.