Ungulu a Dantokpa, Zalɓe a Nokoué

Duk wanda ya daɗe a Kwatano, ya kuma saba ratsa kasuwar Dantokpa ta wajen masu kayan tsibbu, ya san cewa ungulun da a da take cika mahauta da juji, har yara na jifanta, yau an fi samun kanta a bushe bisa tebur ana cinikinsa da sefa. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne akwai 'yan'uwanmu Hausawa cikin fataken da ke kawo ta daga arewa. Tun shekarar 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

A Japan kuwa, inda wani malamin addinin Buddha, Nakanishi Godo, ya assasa ƙungiyar masoya tsuntsayen daji a 1934, za ka tarar da akawu da ɗan fansho, waɗanda hoto ba sana'arsu ba ce, sun yi sammako sun tsaya cikin ƙanƙarar Hokkaido suna dakon gaurakan ƙasarsu, wanda aka zaci ya shuɗe har sai da aka gano 'yan kaɗan a fadamar Kushiro a 1924, ga shi yanzu adadinsa ya haura 1,000, domin jama'a sun ciyar da shi, kuma idanu da kyamarori ba su gushe a kansa ba.

Mu fa, alhamdu lillahi, ba a rage mu da komai ba. Tafkin Nokoué, wanda ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu a 2000, yana maƙwabtaka da mu mutanen Vêdoko, kuma wanda ya hau kwalekwale daga Calavi zuwa Ganvié da hantsi zai ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya bisa rassan da masunta ke kafawa don tara kifi, wuyansa a lanƙwashe, bai motsa ba sai lokacin sara. Samarinmu kowa da waya a aljihu, amma hotunan biki kaɗai take ɗauka.

Hoton da aka rubuta masa rana da wuri shaida ce, wadda da ita ake kafa hujja cewa tsuntsu kaza ya ragu a wuri kaza. Don haka ina roƙon malaman islamiyyunmu, masu karantar da ƙissar alhudahuda da Annabi Sulaimanu, alaihis salamu, su riƙa fita da ɗalibai bakin tafkin, shugabannin unguwar Zongo kuma su kira fataken ungulun nan su zauna da su.