Mozart Ya Samu Magada, Su Ɗan Alalo Fa?

Duk yaron da ya yi nisa a karatun boko a Yamai ya taɓa jin sunan Mozart ko Beethoven, ko da bai taɓa sauraron kiɗansu ba. Amma ka tambaye shi wane ne Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram, ko Ibrahim Narambaɗa mai kotso, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, sai ya tsaya yana kallonka. A matsayina na malamin makaranta, ina ganin laifin namu ne, mu malamai da iyaye, kuma muna iya gyarawa.

Mu dubi abin da ya raya makaɗan Turai. Mozart ya rasu a 1791 yana da shekara 35 kacal. Beethoven ya kurumce, amma duk da haka ya kammala babban kiɗansa na tara a 1824. Baiwa kam suna da ita, sai dai baiwa kaɗai ba ta hana a manta da mutum. Bach ya rasu a 1750, manyan ayyukansa suka daɗe a ajiye, ba a cika jin su a bainar jama'a ba, har sai da wani saurayi mai suna Mendelssohn ya sake gabatar da ɗaya daga cikinsu a Berlin a 1829. An rubuta kiɗan a takarda, an adana, an koyar da shi. Abin da ya sa ake jin sa har yau ke nan.

Namu makaɗan ba su gaza ba. Narambaɗa ya bar Bakandamiya, wadda manazarta Hausa ke ci gaba da tattaunawa a kanta. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa tun yana raye. Amma kiɗanmu a ka yake zaune, daga ubangida zuwa yaronsa. Ranar da aka rasa mai ɗauka, shi ke nan, ya bi mai shi kabari.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Malam Mamman Barka, domin shi ma malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO, ya tafi yankin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa biram, abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma masunta. Ya zauna ya koya, daga baya ya kai biram har Turai. Ya rasu a Yamai a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, wataƙila da sai a gidan tarihi za mu ga biram a rataye.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: ba mu kai ɗanmu makaranta don ya zama maroƙi ba. Maganarsu abin dubawa ce, kuma akwai waƙoƙin zambo da na batsa da ba su dace da aji ba. To amma zaɓe aikin malami ne. Yaron da ya nazarci waƙar fada zai koyi tarihin sarauta, da kirari, da karin magana, da Hausar da ta fara ɓacewa daga bakin ƴaƴanmu. Nazarin waƙa daban, roƙo daban.

Kayan aikin kuwa suna kusa da mu. A nan Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, akwai CELHTO mai tattara adabin baka, ga tsofaffin faya-fayan Muryar Sahel. Gasar Ɗan Gurmu ma sunan makaɗin Tawa take ɗauke da shi, amma ɗalibai nawa ne suka san ko wane ne shi?

Shawarata ga malamai: kowane zangon karatu a ɗauki makaɗi ɗaya, a saurari waƙarsa ɗaya a aji, ɗalibai su rubuta baitocinta da hannunsu, su binciko garinsu da ubangidansa da dalilin yin waƙar. Iyaye kuma, idan yaro ya zo da tambaya, a tura shi wurin kakarsa. Ita ta san waƙar da amshinta, kuma ba za ta dawwama tare da mu ba.