Tsoka Ɗaya, Baki Goma

Akwai wani ɗan injin ƙarfe wanda magidanta da yawa a Wagini da ƙauyukan Batsari da Safana su ke yi wa dariya in an ambace shi, watau injin niƙan nama na hannu. Wani ya ce kayan Turawa ne. Wani ya ce lalacin mata ne ya kawo shi. Wani kuma ya ce, wanda bai ga naman ba, me zai niƙa? Waɗannan maganganu ba su da tushe, kuma ba a kan masu faɗinsu su ke ƙarewa ba, a kan yara ƙanana da tsofaffi su ke ƙarewa. Don haka ya kamata a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a auna.

Da farko mai karatu ya dubi yadda a ke cin nama a gidan talaka. Ran kasuwa mai gida ya biya wurin mahauci ya sayi kashi ɗaya, yawanci na tsohuwar saniya, mai tauri da jijiya. A jefa shi a tukunyar miya. Da aka kwashe tuwo, tsokar kirki ta tafi zaure cikin kwanon mai gida, abin da ya rage manyan gida su raba. Yaro ɗan shekara guda sai romo. Tsohuwar da haƙoranta suka zube ta ɗauki rabonta ta tsotsa, ta gaji, ta miƙa wa wani. Ga shi an kashe kuɗi, an ƙone itace, amma waɗanda suka fi kowa bukatar naman ba su ci ba.

Me ya sa aka ce su suka fi kowa bukata? Likitoci sun bayyana cewa jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke yin jini, amma ajiyar nan takan ja baya wajen wata shida, nonon uwa kuwa shi kaɗai ba ya cike gurbinta. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga wata 6 a fara ba yaro abinci tare da nono, kuma a riƙa sa masa nama ko kifi ko ƙwai kullum. Ƙarfen da ke cikin nama ya fi na gero da dawa saurin shiga jiki nesa ba kusa ba. To, amma yaron nan haƙoransa na tauna ba sa fitowa sai ya wuce shekara ɗaya, ba sa cika kuma sai ya kusa shekara uku. Da me zai tauna tsohuwar saniya? Kunu zalla a ke ɗura masa, cikinsa ya cika, jikinsa yana jin yunwa.

Abin nan ba tatsuniya ba ce. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da labari cewa yara 652 suka mutu da tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ba mai hankalin da zai ce rashin injin niƙa ne ya kashe su. Rashin zaman lafiya ne, da gonakin da aka bari, da tsadar hatsi. Amma fa inda abinci ya yi ƙaranci, a nan ne rashin iya rabo ke zama laifi.

Wannan ita ce amsar mai cewa ina naman ya ke. Gaskiya ne nama ya yi wuya. Kowa ya san abin da satar shanu ta yi wa garuruwan bakin Dajin Rugu, har a ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana sayar da dabbobi a waɗansu kasuwanni, ciki har da na Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa. Amma mai wannan magana ya juya hujjarsa ne ƙafa sama. Attajirin da ke yanka rago ba ya bukatar injin, kowa a gidansa zai samu. Talaka mai tsoka ɗaya shi ke bukata. Tsoka ɗaya in an jefa ta a miya ɗungurungum, baki ɗaya za ta shiga. In an niƙa ta an watsa, kowace loma da rabonta, baki goma su ci. Da babu gara ba daɗi, kuma kaɗan da ya kai ga kowa ya fi mai yawa da ya tsaya a kwano ɗaya.

Akwai kuma maganar itace. Nama mai tauri yakan ɗauki awa biyu ko fiye a kan wuta kafin ya yi laushi. Niƙaƙƙe kuwa cikin kamar minti goma sha biyar ya nuna. A ƙasar da shiga daji neman itace ya zama sai an yi shahada, duk dammin da aka rage ƙonawa riba ce, ba ta kuɗi kaɗai ba.

Shi kuma mai cewa kayan Turawa ne, kakanni ba su san shi ba, sai a tambaye shi: a kan dutsen niƙa a ke niƙa masa garin tuwo yau, ko kuwa inji a ke kai wa? Rigarsa da allura aka ɗinka ta, ko da keke? Garmar shanu da babur da wayar da ke aljihunsa, wane kakansa ya bar masa gado? Duk ya karɓa ba gardama, don shi su ke yi wa aiki. Sai da aka zo kan abin da zai rage wa matarsa wahala ya tuna da kakanni. Injin nan kuwa kuɗinsa bai kai na babbar wayar hannu ba. Wanda ba shi da hali shi kaɗai, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi, ko mata su yi adashi su saya su riƙa karɓa-karɓa.

Wani zai ce ai ga turmi, da shi a ke dambun nama tun fil azal. Dambu abinci ne mai kyau, ba mai musu. Amma sai an dafa naman ya yi ligif kafin a daka, sa'an nan a soya, watau an ƙone itace sau biyu an ƙara kuɗin mai, shi ya sa ba a ganinsa sai da Salla ko biki. In kuwa ɗanye aka daka, jini da kitse su shige tsagogin icen turmi inda wanki ba ya kaiwa, gobe a daka fura a ciki.

Mafi muni cikin maganganun duka ita ce wadda a ke gado a bakin waɗansu tsofaffi, wai in an saba wa yaro da nama ko ƙwai zai tashi da kwaɗayi, har ya yi sata. Wanda ya ƙoshi ne ke leƙen tukunya, ko wanda aka hana? Wannan camfi ne, wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karanta takarda bai kamata ya bar shi ya kwana a gidansa ba.

Amma akwai waɗansu mutane kuma da su ma sun cancanci faɗa, su ne masu saya ba tare da sani ba. Wani uban amarya ya ci bashi ya sayo na lantarki mai ƙyalli, a jera shi cikin kayan ɗaki don 'yan kallo, a garin da wuta ba ta da tabbas. Shekara biyar yana cikin kwalinsa. Wannan ba ci gaba ba ne, fankama ce.

Mai son saya don aiki ya nemi na hannu, na ƙarfe mai nauyi. Ana yi musu lamba bisa girmansu, kamar 5 da 8 da 10 da 12 da 22 da 32. Lamba 8 ko 10 ya ishi gida, manyan kuwa na mahauta ne. Kada ya biya sai ya sa an kwance shi a gabansa ya ƙirga kayan: gangar jiki mai bakin zubawa, da murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura nama gaba, da wuƙa mai fiffike huɗu, da faifan ƙarfe mai huji-huji, da zoben da ke ɗaure su, da hannun juyawa. Ya ɗora wuƙar a kan faifan ya duba. In sun kwanta da juna lif, injin zai yanka. In haske na ratsawa tsakaninsu, dagargaza naman zai yi kawai, ya shaƙe. Ya nemi faifai biyu, mai ƙananan huji don kunun yara da tsofaffi, mai manya don miya.

Wajen aiki, a ɗaure shi tam a bakin tebur ko benci. A cire ƙashi da jijiya mai kauri, a yanka naman ƙanana. A sa wuƙar gefenta mai kaifi yana fuskantar faifai, don yawancin masu cewa injinsu ya lalace juya ta suka yi. A tura nama da ɗan guntun ice mai tsabta, kada a kuskura a sa yatsa, kada kuma a bar yaro ya matso.

Sai babbar magana, wadda in aka yi sakaci da ita gara ma ba a saya ba. Ƙwayoyin cuta a bayan tsoka su ke zama, shi ya sa wutar tsire ke kashe su nan da nan. Amma in an niƙa, an cuɗa na waje da na ciki, sun bazu ko'ina. Cikin ɗumi wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20, ga kuma zafin bazara da kan wuce digiri 40. Don haka niƙaƙƙen nama ba ya jira. A hura wuta tukuna, sa'an nan a niƙa, daga inji sai tukunya, kada ya yi awa guda a ajiye. A bar shi ya tafasa sosai cikin miya har ba sauran ja. A shekarar 1993 a Amurka, ƙasar da ke da lantarki da firji a ko'ina, mutum fiye da 700 suka kwanta, yara huɗu suka mutu, saboda niƙaƙƙen naman da bai gama nuna ba.

Da an gama a kwance injin ɗaki-ɗaki, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a tsokale kowane huji da tsinke, a shanya a rana ya bushe ƙayau, a shafa wa wuƙa da faifai ɗan man gyaɗa don tsatsa. Matar da ta ce sai gobe za ta wanke, guba ta ajiye wa 'ya'yanta.

Kada kuma wani ya ce zai huta da wannan wahala ya sayi wanda aka riga aka niƙa a wani wuri. Tsoka ana ganinta a san ta mece ce, niƙaƙƙe kuwa ba ya faɗin asalinsa. Ko a Turai, a shekarar 2013, an kama naman doki cikin abin da aka sayar da sunan na shanu. Wanda ya ga mahaucinsa, ya zaɓi tsokarsa, aka niƙa a tsakar gidansa, shi ne ya san abin da iyalinsa suka ci.

To, magana ta rage ga magidanta. Mai gida na kirki ba da tsokar da ke kwanonsa a zaure a ke gane shi ba, da kumatun autansa da ƙarfin tsohuwarsa a ke gane shi. Ran kasuwa mai zuwa, kafin ya tsaya wurin mai goro, ya fara tambayar kuɗin injin.