Kada Kunya Ta Sa Ki Ɓoye Jaririnki

Uwargida, idan Allah ya sauke ki lafiya, ki lura ko jaririnki ya yi kashin farko cikin awa 24. Kusan jariri 1 cikin 5,000 akan haife shi babu dubura. Likita kan buɗe masa ƙofa a gefen ciki don kashi ya riƙa fita, sai an yi aikin gyara a rufe ta.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ƙudundune yaron cikin zane don gudun bakin 'yan barka, har kashi ya cinye masa fata. A ganina, ɓoyon nan ya fi ƙofar illa.

Naman ƙofar ja ne mai danshi, taɓa shi ba ya zafi. Fatar kewayensa ce ke saɓulewa. Da ya yi kashi, ki wanke da ruwan ɗumi, ki tsane da ƙyalle mai laushi, ki shafa basilin. In jaka ake liƙa masa, bar man, don ba za ta kama ba. Ban da toka, ban da garin magani.

In naman ya yi baƙi, ko ciki ya kumbura, ko jini ya ƙi tsayawa, ku garzayo asibiti.

Maigida da kaka, ku kama mata. Wannan lalura ce, kuma tana da magani.